Nomau da Taɓaryar Matarsa

An yi wani mutum a wani gari, tun can da daɗewa, sunansa Nomau, mai saƙar tabarma. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, bawan Allah ne kawai. Matarsa Tasalla sau biyu tana haihuwar bakwaini, sau biyu ana binnewa. Ciki na uku sai ya zo a shekarar fari. Gero ya yi tsada, tabarma kuwa ko tayawa ba a yi.

Tasalla ta kama yi wa maƙwabta surfe, ana biyanta da ɗan tsaki. Kullum ta ajiye wa maigida malmala biyu a zaure. In ya ce, "Ke fa?" sai ta ce, "Na ci, Malam."

To, ku saurara. Wata rana da hantsi ya shiga ciki ɗauko wuƙarsa, ya tarar da ita a bayan turmi tana jiƙa ƙanzo da ruwa. Ashe wannan ne "na ci". Kunya ta kama shi, tausayi ya kama shi.

Bai zame ko'ina ba sai gidan Iya Gwamma ungozoma. Ya ce, "Iya, me ke fito mana da 'ya'ya kafin lokaci?"

Ta ce, "Ajali na Allah ne, ɗan nan. Amma ciki ba ya son yunwa, ba ya son taɓarya wuni guda, ba ya son zullumi. Matarka duka ukun ta haɗa."

Ya dawo gida ya karɓe taɓaryar daga hannunta. Tasalla ta ce, "Malam, rufa mini asiri! Me mutane za su ce?"

Ya ce, "Su ce. Kabari biyu na haƙa da hannuna, maganar mutane ba ta tayar da ko ɗayansu ba."

Kuma sun ce ɗin. Kun san halinmu! A bakin kasuwa ana tambayarsa yaushe za a ɗaura masa zane. Yayansa ya zo har gida ya ce, "Ka zubar mana da mutunci." Nomau ya ba shi haƙuri, ya koma kan turminsa. Wata uku yana surfe, wata uku tuwon na wajenta, ƙanzon na wajensa. Hannunsa ya yi kanta, ya rame kamar kara.

Tasalla ta cika wata tara cif. Ta haifi 'ya mace lafiyayya, kukanta har gida na uku ana ji.

Jama'a, mazantaka ba cin malmala biyu ba ce, ɗaukar nauyin mai rauni ce. Yau ma ga tsada, ga mata masu juna biyu a gidajenku suna ɗaukar kaya da yunwa, kunya ta hana su faɗa. Ku sauke musu aiki, ku kai su awo, ku kwantar musu da hankali. Kai da ka cika cikinka a zaure, ranar gobe za a tambaye ka abin da matarka ta ci, kuma ba za a karɓi "ta ce ta ci" ba.