Maɗorin da Ya Ƙi Raɗa wa Aikinsa Suna

Akwai wani maɗori a wani gari wanda hannunsa ya shahara. In saniya ta tattake makiyayi, ko magini ya faɗo daga kan soro, wurinsa ake kai su, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da kara, su warke. Amma hankalinsa bai kwanta ba. Kullum yakan ce a ransa, "Har yaushe zan yi ta gyaran abin da wani ya ƙera, ni da na san mazaunin kowace gaɓa?"

Sai ya shiga zarya a mahauta, yana tsintar ƙashi da jijiya da fata, ya kulle kansa a ɗakin bayan gida yana harhaɗa su yana ɗinkewa cikin siffar mutum. Masu karaya suka yi ta zuwa suna komawa da ciwonsu. Ƙanensa da suke gida ɗaya yakan ajiye masa tuwo a bakin ƙofa, ya dawo ya tarar kaji sun cinye. Maɗorin ya rame, ba zama ba hutu, shiga nan fita can, kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai.

Yadda ya yi har abin ya motsa, ban sani ba, ba na kuwa so in sani. Wata rana dai da hantsi abin ya buɗe ido, ya tashi zaune, kansa na taɓa azara. Ya miƙa wa maɗori hannu ya ce, "Baba, mene ne sunana?"

Kun san a ƙasarmu ko kare akan raɗa masa suna, balle wanda ya buɗe baki ya ce maka baba. Amma maɗori ya dubi ɗinke-ɗinken fuskar nan, ƙyama da kunya suka kama shi. Ya ce, "Ban san ka ba." Ya tsallake katanga ya gudu, ko ƙofa bai rufe ba.

Abin ya fito tsakar gida yana neman mai amsa masa. Ƙanen nan mai tausayi ne. Da ya ga yana makyarkyata, ya kawo masa ruwa a ƙwarya. Don murna abin ya rungume shi, ga shi ba wanda ya koya masa ƙarfin hannunsa. Haƙarƙarin bawan Allah ya kakkarye.

Da la'asar maɗori ya lallaɓo ya dawo, ya tarar da ƙanensa kwance. Ya ɗebo kara da tsumma, amma wannan karaya ta fi ƙarfin ɗori. Ƙanen ya ce, "Yaya, tambaya ɗaya fa ya yi maka." Kafin faɗuwar rana ya cika.

Tun daga nan maɗori bai sake kwana biyu a gari ɗaya ba. Duk inda ya sauke kaya, sai ya ji takun nan mai nauyi a bayansa, da tambayar nan.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, ilimi baiwar Allah ce, neman sa ba zunubi ba ne. Ku 'ya'yanmu masu karatun likita da na injuna, ku yi da himma. Amma maɗori ya raina aikin da aka ba shi, ya hangi na Mahalicci. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, da ya samu abin da yake nema, sai ya guje shi, ya bar marar laifi ya kwashi wahalar. In gani ya kori ji, ai da yawanmu haka muke: mu haifa mu ƙi reno, mu kunna wuta a jeji mu koma gida mu kwanta.

Ubangiji da ya yi mu ya ga muninmu sarai, bai tsallake katanga ba. Ya san mu, yana kiranmu da suna. Saboda haka kafin ka fara abu, tambayi kanka: ranar da zai buɗe ido ya ce maka baba, za ka tsaya ka amsa?