Kujera Ɗaya a Jirgin Sagiru

Ku gyara zama, yau na zo muku da wadda za ku raba rana a kanta.

An yi wani saurayi, Sagiru, bakaniken jirgin sama. Aiki ya kai shi wata ƙasa mai nisa, inda babu mai jin Hausa sai shi. Yakan wuni a rumfar gyara, kansa cikin inji, ya kwance nan ya ɗaure can. Jirgi ya tashi da mutane zuwa wurin danginsu, shi kuwa ya koma ɗaki ya ci abinci shi kaɗai. Ko sallah a bakin aiki take riskarsa.

Rannan kamfani ya ba shi kujera ɗaya kyauta a jirgi, ya ɗauko wanda yake so daga gida ya yi masa kwana biyu. Maimakon murna sai ya buga tagumi, domin mutum uku ne suka tsaya masa a rai.

Ta farko gwaggonsa Ladidi, wadda ta riƙe shi tun rasuwar iyayensa, ba ta kuma da kowa sai shi. Lokacin da karatun gyaran jirgi ya yi masa zafi, ya tattaro kayansa ya gudo gida. A zaure ta tare shi, ko ruwa ba ta ba shi ba.

"Koma," in ji ta. "Ban raine ka don ka zauna gadin tsufana ba."

Ya juya yana hawaye. Sai daga baya maƙwabta suka gaya masa ita ma wuni ta yi tana kuka. Yanzu ƙarfinta ya ƙare, kullum zancenta ko za su sake ganawa.

Na biyu Malam Tanimu, bakaniken mota, wanda ya fara danƙa masa sifana. Shi ya lura hannun yaron ya fi ƙarfin garejinsa, ya binciko masa makarantar, ya tura shi, alhali ba shi da wani mataimaki. Yanzu yanar ido ta fara rufe masa gani, burinsa kawai ya leƙa cikin injin jirgi kafin ganin ya tafi gaba ɗaya.

Na uku Haladu, abokinsa na ƙuruciya. Tare suka ci jarrabawar shiga makarantar, gurbi kuwa ɗaya ne, kuma Haladu ne a gaba. Ya janye, ya ce shi yana da uba da gona, Sagiru maraya ne. Bai taɓa yi masa gori ba. Amma duk lokacin da jirgi ya gitta ta saman gonar, sai ya dogara da fartanya ya bi shi da kallo har ya ɓace.

Sagiru ya ɗauki waya ya ajiye, ya sake ɗauka ya ajiye. Babu ko wanda zai yi shawara da shi.

To jama'a, da Gwaggo Ladidi, da Malam Tanimu, da Haladu, wa ya fi cancantar wannan kujera?