Wutar Gwamma da Mafakar Iska

An yi wani sarki a Birnin Tsamiya, ana ce masa Mu'allayidi, mutum ne mai son adalci da tausayin talakawa, sai dai idan magana ta fita daga bakinsa, ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya janye ta. A shekara ta uku da sarautarsa, tsakiyar rani, tartsatsi ya tashi daga inda mata ke gasa tukwane a gabashin gari, iska ta ɗauke shi ta tsallake ganuwa da shi, ya sauka a kan jinka. Kafin a yi sallar la'asar gobara ta cinye sulusin birnin, ta tafi da rayuka goma sha ɗaya. Sarki da kansa ya tsaya a maƙabarta har aka rufe na ƙarshe, hawaye na bin gemunsa, bai damu da wanda ya gani ba.

Da aka share makoki, ya kira wazirinsa, wani malami mai natsuwa da ake kira Ɗayyabu, ya umarce shi ya rubuta doka. Waziri ya yi bincike, aka gaya masa iska daga gabas take kaɗowa, ta bugi ganuwa ta wannan fuska, ta bi ta kan gari ta wuce; gefen da ba ta duka kuwa, shi ake kira mafakar iska, kuma duk wutar da aka kunna a can, daji tartsatsinta zai nufa. Sai ya rubuta da hannunsa cewa kada wanda ya ƙara kunna wutar tukwane sai a mafakar iska. Aka kafa wani dogon dutse a bayan Ƙofar Yamma don ya zama alama, Sarki kuma ya rantse a gaban jama'a cewa duk wanda ya ƙetare wannan doka zai bar ƙasarsa har abada. Ni dai ban ga laifinsa ba, domin wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Bayan wata huɗu, bazara ta kama, zafi ya yi tsanani, sai ran nan dogarai suka hangi hayaƙi ya turnuƙe a gabashin gari, daidai inda musibar ta faro. Suka sheƙa da gudu, suka tarar da wata tsohuwa mai suna Gwamma, shugabar mata magina tukwane, tana tsaye tana gyara wuta da doguwar sanda, tukwane fiye da ɗari biyu suna gasuwa. Sarkin Dogarai Jatau ya iza ƙeyarta har fada.

Sarki ya ce, "Ke ce kika kunna wuta a gabas?"

Ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ce."

"Ba ki ji dokata ba?"

"Na ji ta, Zaki. A mafakar iska na kunna."

Fadawa suka bushe da dariya, wani ya ce tsufa ya sa ba ta bambance gabas da yamma. Sarki bai yi dariya ba. Ya yanke hukunci cewa ranar Juma'a za a raka ta bakin iyaka, ita da ta haifi 'ya'ya tara a garin, ta binne miji da iyaye a cikinsa.

Waziri Ɗayyabu ya lura da abin da sauran ba su lura da shi ba: tsohuwar ba ta yi kuka ba, ba ta nemi afuwa ba, ta yi magana irin ta wanda ya san abin da yake faɗa. Zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ina roƙon a jinkirta mini, domin hukuncin da aka jinkirta ana iya zartar da shi gobe, amma wanda aka zartar bisa kuskure ba ya komowa."

Sarki ya dube shi da jajayen idanu ya ce, "Na rantse, Waziri, kuma kai ka rubuta. Na ba ka kwana uku. Kawo mini hanyar da rantsuwata za ta tsaya, tsohuwar nan kuma ta zauna. In ka kasa, ta tafi. In kuwa ka zo mini da dabarar baki irin ta malamai, ka ajiye rawanina ka bi bayanta."

Waziri ya ce, "Na karɓa."

Ranar farko ya ƙare ta a cikin littattafai, bai sami komai ba sai babin kaffarar rantsuwa, ya kuwa san Sarki ba zai saurari wannan ba. Rana ta biyu ya rufe littattafan, ya tafi gidan Sarkin Dogarai inda ake tsare da Gwamma, ya zauna a kan tabarma ɗaya da ita, abin da ya sa matan gidan suka riƙa leƙe suna riƙe baki.

Ya ce, "Iya, ban zo da sarauta ba, na zo neman sani. Me kike nufi da kika ce a mafakar iska kika kunna?"

Ta ƙare masa kallo, sa'an nan ta ce, "Ranka ya daɗe, yaushe rabonka da tsayuwa a fili da hantsi, ba soro, ba laima?"

Ya ce ya manta.

Ta miƙe ta nufi murhu, ta damƙo toka, ta ja shi tsakar gida, ta ɗaga hannu ta sake ta a hankali. Tokar ta yi gabas. Ta sake damƙowa ta saki, har sau uku, duk gabas ta yi.

Ta ce, "Ka gani? Iskar rani ta tafi, ta bazara ta zo, ita kuwa daga yamma maso kudu take. Tun zamanin kakata ramin gashi biyu gare mu, na rani da na bazara, kuma ba mai sa wuta sai ta saki toka sau uku. Wadda ta jawo mana gobarar nan amarya ce baƙuwa, ta yi gaggawa ba ta tambaya ba, Allah ya ji ƙanta, ita ma a ciki ta tafi. Dutsenku yana nan inda kuka dasa shi, amma mafakar ta tashi tun sati uku. Da na kunna a gindinsa ran nan, da yau ba ku da gari."

Waziri ya ce, "To, me ya hana ki zuwa fada ki faɗa?"

"Na zo, ranka ya daɗe, sau biyu. Aka ce mini Sarki ba ya ganin mai laka a hannu. Ga tukwanen gida arba'in sun bushe, ga damina ta ƙarato, ɗanyar tukunya kuwa in ta sha damshi laka take komawa. Na ce wa sauran matan su koma gida, in kamu ne a kama ni kaɗai."

Kunya ta rufe Waziri tun daga rawani har tafin ƙafa, domin shi da ake yi wa kirari da kogin ilmi, ga shi toka cikin tafi ta koya masa abin da ya rubuta bai sani ba. Amma bai tsaya kan kunyar ba. Ya ƙudura a ransa cewa ba da baki zai kawo hujjarsa ba, tun da Sarki ya riga ya toshe wannan ƙofa, gani kuwa ya kori ji.

Rana ta uku ya shiga fada ya ce, "Allah ya ba ka nasara, amsata ba ta shiga soro. Ina roƙon Sarki ya taka zuwa Ƙofar Yamma."

Fadawa suka yi ta gunaguni, amma Sarki ya tashi. Da aka isa wurin dutsen, Waziri ya roƙi a naɗe laima, ya tsayar da Sarki tsakanin dutsen da ƙofar gari. Ya sa aka kawo kasko da garwashi kaɗan, ya zuba jiƙaƙƙen ƙaiƙayi a kai don ya yi hayaƙi ba harshe, ya ajiye a gindin dutsen. Hayaƙi ya tashi fari fat, ya karkata, ya doki fuskar Sarki har ya yi tari, ya wuce ta ƙofa ya kwanta a kan jinkunan da aka sabunta bayan gobara. Sarki ya bi hayaƙin da ido har inda ya ɓace a kan rumbunan gari.

Daga nan aka zaga gabas, inda tukwanen Gwamma ke jibge cikin toka, aka sake yin haka. Iska ba ta ko motsa bakin riga a gindin ganuwar, hayaƙin ya hau sama, sa'an nan ya bi daji.

Sarkin Dogarai Jatau, wanda ba ya son a ce kamunsa ya tashi a banza, ya ce, "Ai hadari daga gabas yake tasowa, ko da bazara."

Gwamma ta ce, "Gaskiyarka, ɗan nan. In ka ga macen da ta sa wa tukwane wuta hadari na haɗuwa, kamo ta, ni zan riƙe maka igiya."

Sa'an nan Waziri ya durƙusa ya ce, "Allah ya ƙara wa Sarki imani, rantsuwarka tana nan daram, domin kan mafakar iska ka rantse, kuma a mafakar iska ta kunna. Kuskuren nawa ne, ni da na ɗaure wa abu mai tafiya ƙafa da dutse. Idan akwai wanda ya cancanci rakiya bakin iyaka, ga shi a gabanka."

Sarki ya juya ga tsohuwar ya ce, "Iya, an ce kin zo ƙofata sau biyu."

Ta ce, "Haka ne, Zaki."

Ya ce, "Na gina soro mai kauri don kada iska ta same ni, na tsayar da mutane a ƙofa don kada hayaniya ta same ni, ga shi sun tsare mini har labarin da zai ceci garina. Saura kaɗan in kori wadda ta kiyaye dokata fiye da ni. Ki yafe mini."

Gwamma, wadda ba ta zubar da hawaye ranar hukunci ba, sai a lokacin ta sa gefen zane ta share ido, ta ce ta yafe duniya da lahira.

Sarki ya yi umarni cewa daga ranar ita ce mai faɗin inda za a kunna wutar tukwane a kowane lokaci na shekara, kuma duk mai sana'ar da ya zo ƙofar fada da magana, a shigo da shi da lakarsa da gawayinsa. Ya ba ta saniya da ɗan maraƙi da turmin zane. Waziri kuwa, Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa masa, ya ce, "Ba don ka san amsa na ba ka ba, sai don ka san wurin wanda za ka je nemanta, kuma ka faɗi laifinka a gaban jama'a."

Masu hikima sun ce, wanda ke zaune a mafaka shi ne na ƙarshen sanin iska ta juya. Saboda haka mai mulkin da ke son adalci, kafin ya yanke hukunci, sai ya fita ya tambayi wanda take duka.