Filafilin Malam Barau

Da sunan Allah nake farawa. Ku kasa kunne, jama'a, domin hukuncin a wuyanku zai tsaya.

A wani gari na bakin kogi an yi wani mai fito, Malam Barau, wanda ya shekara talatin da ɗoriya yana ƙetarar da masu kekuna zuwa birni: leburorin injin shinkafa, malaman makaranta, masu kai ganye kasuwa. Da an idar da sallar asuba sai ya tarar da su jere a mashigi. Gada kuwa tana da nisa. Wanda ya bi ta, sai hantsi ya ɗaga zai isa.

Shekarar da ruwa ya yi gyara, jirgin ya tsage, yashi ya toshe mashigin, kafaɗun Barau kuma suka ƙi. Ya jingina da bangon masallaci ya ce, "Jama'a, na gaji. Wallahi na gaji." Wata biyu mutane suna zagaye ta gada, har aka sallami wasu daga aiki saboda makara.

Sai mutum uku suka miƙe.

Haladu manomi yana da maɗaci ɗaya, wanda mahaifinsa ya dasa, a inuwarsa kuma aka yi wa mahaifin wankan gawa. Babu wani ice a ƙasar da ya isa a sassaƙa jirgi sai shi. Haladu ya kai masa gatari da hannunsa.

Jirgi ya samu, amma sabo ne mai rawa. Da an jibga kekuna sai ya karkata. Isiyaku mai gyaran keke ya rufe rumfarsa, ya bi gida-gida yana tattara matattun kekuna, ya ƙera maratayi a tsakiyar jirgin, kowane keke ya tsaya a kan ƙafarsa. Tartsatsin walda ya raunana masa ido ɗaya.

Saura hanya. Tanimu masunci ya ajiye komarsa, ya yi kwana arba'in yana shiga ruwa har wuya, yana auna zurfi da gora yana kafa turaku, har ya gano mashigin da jirgi zai bi ba ya kafewa. Ya fito da tarin da bai rabu da shi ba.

To, al'adar garin ita ce, fito amana ce ta mutum ɗaya, domin in wani abu ya faru a san wanda za a tambaya duniya da lahira. Mai barin aikin yakan miƙa filafilinsa ga magaji a gaban liman.

Barau ya zauna, filafilin a kan cinyarsa. Haladu ya ce, "Baba, icen ubana ne." Isiyaku ya ce, "Ba don ni ba, da icen ubanka ya juye mu a ruwa." Tanimu ya yi tari, ya ce, "Ku biyun, wa ya san inda hanyar take?"

Barau ya dubi wannan, ya dubi wancan. Babu wanda zai hana ba tare da ya ji ya zalunce shi ba, kafaɗarsa kuma ba za ta ƙara ƙetarewa ko sau ɗaya ba. Ga masu kekuna can a mashigi suna jira.

To, ku da kuka ji, tsakaninku da Allah: a hannun wa Malam Barau zai sa filafilin?