Idon Inna a Kwamfutar Auta

Akwai wani mai ɗaukar hoto da ake kira Auta, gwani ne wajen gyaran fuska a kwamfuta. Kai masa hoto da ƙuraje, ya share maka su tas. Mahaifiyarsa Inna tana zaune a gidansa, yayarsa kuma tana aure a wani gari mai nisa.

Sannu a hankali baƙin idon Inna ya fara komawa toka-toka, har tsakiyarsa ta yi fari kamar an ɗiga madara. Zare ya daina shigar mata allura. Rannan ta tsiyaya shayi a gefen kofi, ya ƙone mata hannu.

Ta ce, "Auta, hayaƙi nake gani ko'ina."

"Tsufa ne, Inna," in ji shi, idonsa na kan waya.

Shi dai a ce ya rufe shago ya je ya bi layin asibiti, wannan ne ba zai iya ba.

Yaya ta kira shi. "Turo min hoton Inna, hankalina bai kwanta ba."

Ya zaunar da tsohuwa gaban fitila ya ɗauka. Da ya buɗe hoton, sai ga fararen ɗigon nan biyu ɓaro-ɓaro. Ya san in Yaya ta gani, ba za ta bar shi ya sha ruwa ba. Sai gogan naka ya shafe su da baƙi, har da ƙara ɗan sheƙi.

Tir! Wallahi ina rubutawa raina yana ɓaci. Uwar da ta haife ka fa!

Haka ya riƙa yi duk sanda aka nemi hoto, Yaya tana ta murna wai idon Inna garau.

Kwatsam Yaya ta zo ba sanarwa. Ta lallaɓa ta tsaya gaban Inna tana murmushi. Inna ta ɗago ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

A ranar aka tafi asibiti. Likita ta haska idon ta ce, "Yanar ido ce. Tsufa ke kawo ta, kuma ana cirewa. Amma ta dama ta daɗe har ta kumbura ta lalata jijiya. Na hagu kaɗai za mu iya ceta. Duk gidan ba wanda ya ga launin idon ya canja?"

Yaya ta juya ta dubi Auta.

Bayan aiki aka cire bandeji. Auta ya raɓe a bakin ƙofa, kai a ƙasa.

Inna ta ce, "Auta, matso mana. Ɗago kanka. Ido ɗaya ya rage min, bari in gan ka da shi."

Ya kasa ɗagowa.

Darasi: In ka ga launin idon tsohonka ya fara canjawa, kai shi asibiti tun da wuri. Ciwon da ka rufe don ka huta, iyayenka ne za su biya da jikinsu. Ku tura wa duk mai tsoho a gida.