Sifirin ɗin Motar Baba

Akwai wani magidanci mai shagon gyaran firji, kowa Dogo yake kiransa. Ba mugun mutum ba ne, sai dai idan abu ya shiga ransa kunnuwansa toshewa suke yi.

Abin da ya shiga ransa a wannan karon ɗakin kwana ne irin wanda ake ɗorawa a bayan a-kori-kura. A waya ya gani, ya kwana da shi ya tashi da shi, har ya sa mai walda ya ƙera masa: gado, tagogi, ɗan firji, tankin ruwa da gurbin janareta. Burinsa shi da abokai su riƙa tafiya wani tafki mai nisa kamun kifi, su huta da hayaniyar gida.

Ranar da aka ɗora ɗakin a bayan tasa a-kori-kurar, mota ta zauna. Baya ya yi ƙasa, gaba ya ɗaga sama kamar akuya mai miƙa wuya ta ci ganye.

Bakanike ya leƙa ƙarƙashi, ya nuna masa sifirin, wato ƙarafunan nan masu lanƙwasa da ake jerawa falle-falle su ɗauki nauyin mota.

“Ka gani? Ya miƙe sambal, ba sauran lanƙwasa. Sai an ƙara masa falle, a canja shokazoba mai shanye gargada. Amma na kasuwa yanzu ƙarfen banza ne. In za ka samo tsohon sifirin na irin motar nan, shi ne magana.”

Dogo ya san inda akwai shi. A tsakar gidansu yake.

Mahaifinsa tsohon direba ne, ciwon baya ya sauke shi daga kan sitiyari. Ba ya iya zaman mota, ko asibiti za a kai shi sai ya yi ta cije leɓe. Tsohuwar a-kori-kurarsa tana nan ƙarƙashin bishiya, ta daɗe ba ta motsa ba, amma kullum da safe sai ya dogara sanda ya goge mata gilashi, yana cewa wata rana zai tashe ta.

Baba yana da yaya mace guda, Gwaggo, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Tana can wani gari mai nisa, ita ma jiki ya ƙi. Shekaru ke nan ba su ga juna ba sai dai murya a waya.

Dogo ya lallaɓo da motar gida yana ta shirya yadda zai roƙi sifirin. Kafin ya buɗe baki, Baba ya tako da sandarsa ya leƙa ta taga.

“Gado ne wannan?”

“Gado ne, Baba.”

“Mutum zai iya kwanciya ana tafiya?”

“Zai iya.”

Idanun tsohon suka kawo ruwa. Ya dafa kafaɗar ɗansa ya ce, “Allah ya yi maka albarka. Ashe zan ga Yaya da idona.”

A nan ya kamata Dogo ya ce, Baba ba don wannan na yi ba. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya tuna da sifirin, ya haɗiye ta.

Baba ya zagaya baya, ya tsaya gaban ƙofar ɗakin ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dubi yadda motar ta zauna, ya nuna tasa da sanda.

“Sifirin ɗinka ya gaza. A cire na waccan, ƙarfensa mai kyau ne.”

Washegari bakanike ya zo da jak da sifanoni. Aka ɗaga tsohuwar mota, aka kwance mata ƙafafun baya, aka ɗora ta kan bulo. Baba yana zaune a kujera yana kallo, lokaci-lokaci ya ce, “A ɗaure notin nan sosai, mutane zai ɗauka.” Dogo bai iya tsayawa ba, ya ƙirƙiri aiki ya koma shago.

Da aka gama, mota ta miƙe tsaf, gaba da baya daidai. Kowa ya yaba. Matar Dogo ce kaɗai ba ta yaba ba.

“Ka san Baba ya ba ni babbar rigarsa in wanke? Ka faɗa masa gaskiya mana.”

“Wace gaskiya kuma? Ai zan kai shi. Mu je mu dawo tukuna, na riga na yi wa mutane alkawari.”

“Jikin Gwaggo fa ya yi tsanani.”

“Tun yaushe ake cewa ya yi tsanani? Ke dai kin iya tayar wa mutum hankali.”

Ta ci gaba da ninke rigar.

Safiyar tafiya, abokai suka loda janareta, ƙugiyoyi da sandunan kamun kifi. Baba yana bakin ƙofa a kujerarsa. Dogo ya durƙusa gabansa, idonsa a ƙasa.

“Gwaji za mu yi, Baba. In ga yadda za ta ɗauki hanya kafin in saka ka.”

“Gwaji yana da kyau,” in ji Baba. “Ka bi ramuka a hankali.”

Motar kuwa ta ɗauki hanya. Rami ya zo ta haɗiye shi, gargada ta zo ta wuce kamar ba a yi ba. Da suka tsaya shan mai, abokinsa Gajere ya sauko daga kan gadon yana miƙa, fuska duk shatin matashi.

“Dogo, ka gama aiki. Wallahi ko tsoho mai ciwon baya ka kwantar a nan, ba zai san ana tafiya ba.”

Sauran suka yi dariya. Dogo ma ya yi, amma tasa a leɓe ta tsaya. Daga nan duk ramin da motar ta shanye, shi a ƙirjinsa yake jin sa.

A bakin tafki waya ba ta kamawa, abin da suka je nema ke nan. Sun kama kifi, sun gasa, sun sha hira. Dogo ya ci bai ji ɗanɗano ba. Ya yi tunanin ya ce a koma, sai ya ji kunyar abokai, ya ce wa kansa kwana nawa ne duka.

A hanyar dawowa, suna haurowa wani tudu wayarsa ta farfaɗo, ta hau kuka ba ƙaƙƙautawa. Ya tsaya gefen titi ya kira matarsa.

“Gwaggo ta rasu,” ta ce. “Har an rufe ta. Mun neme ka ba mu samu ba.”

“Baba fa?”

“Ya ce a nemo masa mota ko a zaune ne. Aka samo, bai kai ƙarshen layi ba aka dawo da shi, baya ya ƙi.”

Da ya isa gida, Dogo ya samu mahaifinsa zaune kusa da tsohuwar motar da ke kan bulo. Ya so a ce tsohon ya zage shi, ko ya ɗaga sandar nan ya maka masa, da ya fi masa sauƙi. Baba ya ɗago ya dube shi.

“Ta ɗauki hanya?”

“Ta ɗauka, Baba.”

“To gobe ka kai ni in ga kabarinta.”

Da safe Dogo ya sauke janareta, firji, tanki da tarkacen kamun kifi. Baba ya fito cikin rigar da aka wanke masa don ganin yayarsa. Ya tsaya gaban ƙofar ɗakin, tana can sama daidai ƙugunsa, ba abin takawa. Dogo ya sunkuya ya ɗauke shi cak.

Ya kwantar da shi a kan gadon. Tsohon bai kai nauyin janaretar da ya sauke ba. Duk shekarun nan, katifa ɗaya a bayan mota da rumfa ta isa ta kai shi wurin yayarsa, ba sifirin, ba walda. Tunanin ne kawai bai taɓa zuwa masa ba.

Sun yi nisa ya kasa daurewa. Ya tsaya ƙarƙashin wata inuwa, ya zagaya ya buɗe ƙofa, ya durƙusa a bakin gadon.

“Baba, ƙarya na yi maka. Ba don kai na ƙera ɗakin nan ba. Ba gwaji muka je ba.”

“Na sani.”

Dogo ya ɗago kai.

“Tun ranar farko na sani. Na yi murna da na ga gado, da na zagayo na ga ƙofa sai na gane. Wanda ya yi abu don mai sanda ba ya manta matakala. Rigar kuma na ba da wanki ne don na ce wataƙila ka canja shawara.”

“To me ya sa ka ba ni sifirin ɗinka?”

Baba ya dube shi kamar ya yi tambayar yara.

“Mota ce za ta ɗauki kaya mai nauyi ta hau hanya mai ramuka. Ko ina ciki ko ba na ciki, ai kai kana ciki.”

Dogo ya kifa kansa a kan katifar ya yi kukan da bai yi ba tun yana ƙarami. Baba ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce ya tashi su tafi, rana tana yi.

Da suka dawo, Dogo ya kai motar wurin mai walda aka sa mata matakala da abin riƙewa. Yanzu duk inda Baba ya ce, nan suke zuwa, kuma bai taɓa ƙorafin ko rami ɗaya ba. Sai dai duk ranar da suka biyo ta hanyar garin Gwaggo, tsohon yakan juya fuskarsa bango, Dogo kuma ya san dalili.

Darasi: Iyaye sukan ga ƙaryarmu su yi shiru, su ƙara mana da abin da suka fi so. Kada shirunsu ya sa ka ɗauka akwai sauran lokaci. Idan akwai abin da tsohonka ko tsohuwarka ke jira daga gare ka, kada ka ce sai ka je ka dawo. Ka tura wa duk wanda nasa ke raye wannan labari, wataƙila akwai mai rigar da aka wanke yana jiran sa.