Kwanon Rufin da Iska Ta Ɗauka

Akwai wani saurayi da ya gama karatun gini, aka ba shi aikinsa na farko na duba ma'aikata. Leburori suna ce masa Injiniya, in ba haka aka kira shi ba kuwa ko waiwayowa ba ya yi.

Aikin sauya rufin wani bene ne mai hawa huɗu. Mai gidan ya gaya masa ƙarara cewa in ya zo da la'asar ya tarar da tsohon kwano ko guda ɗaya a sama, to wani zai ba aikin.

Babban kafintan wurin ƙanin mahaifinsa ne, kuma a gidansa Injiniya ya tashi. Shekarar Baffa talatin a kan rufi, yadda yake aiki bai taɓa canzawa ba. A ɓamɓare kwano, a saƙala masa ƙugiya, a zurara shi da igiya a jikin bango har ya taɓa ƙasa.

Rana ta take, an sauke ashirin, saura arba'in. Injiniya ya dubi agogo, ya ce a ajiye igiyar nan, a riƙa jefo kwanon cikin filin da ke gindin bene.

Baffa ya ce ba a jefa kwano.

Injiniya ya yi dariya. Ya ɗauki bulo guda da ɗan gutsuren bulo, ya tsaya a bakin rufi ya sake su tare. Tare suka dira, daidai gindin bango. Ya juyo yana yi wa leburori bayani cewa ƙasa tana jan komai da sauri ɗaya, babba da ƙarami, kuma kai tsaye take jawo shi. Haka aka koya musu, kuma ga shi kowa ya gani.

Baffa ya ce gaskiya ne, bai musa ba. Sai ya yago takardar buhun siminti gida biyu, ya dunƙule ɗaya, ya bar ɗaya a shimfiɗe, ya sake su. Dunƙulalliyar ta faɗi nan take. Shimfiɗaɗɗiyar ta yi ta lilo, ta yi dama ta yi hagu, sai can ta sauka a bayan katanga.

"Nauyinsu ɗaya," in ji Baffa. "Faɗi ne ya raba su. Ƙasa tana ja, iska tana tarewa. Abu mai faɗi kuwa, inda iska ta ga dama take kai shi."

Wani lebura ya ce ashe Baffa ma yana da tasa jami'ar. Aka yi dariya, dariyar ta sosa wa Injiniya rai.

"Takarda daban, ƙarfe daban, Baffa. Kuma ni aka ba aikin nan, ba kai ba. In ba za ka iya ba, matsa."

Dattijon ya ajiye igiyar. Ya sauka ƙasa, ya tashi mai sayar da abinci da ke zaune bakin ƙofa da goyonta, ya kori masu kwaɓa siminti zuwa cikin gini. Ya tsaya a bakin titi yana tare masu wucewa.

Leburori suka yi cirko-cirko, kowa ya ƙi taɓa kwanon. Injiniya ya naɗe hannun riga ya ɗauka da kansa. Na farko ya tafi ta gefensa, ya faɗi cikin fili. Na biyu ma haka. Ya dubi mutane yana murmushi.

Na uku yana barin hannunsa ya kwanta a kan faɗinsa. Iska ta shiga ƙarƙashinsa, ya yi gefe kamar shirwa, ya tsallake fili da katanga. Ya yanke rumfar mai abinci, ya daki bencin da ta tashi a kai, sannan ya ƙare a gilashin motar mai gidan, wanda zuwansa ke nan tun kafin la'asar, ya tsaya inda Baffa ya tare shi.

Jaririn mai abinci ya fashe da kuka.

Injiniya ya sauko. Mai gidan bai ɗaga murya ba. Ya dubi bencin, ya dubi matar, ya tambayi wanda ya jefo. Injiniya ya ce shi ne. Mai gidan ya ce ya tattara kayansa.

Baffa ya cire hula ya ba da haƙuri, ya ce yaro ne, kuma karatun nasa ba ƙarya ba ne, rabi ya riƙe. Mai gidan ya ce duba ma'aikata kam ya ƙare, amma in yana so ya zauna a ƙarƙashin dattijon, ya zauna.

Ya zauna. Kwano talatin da bakwai ya zurara da hannunsa ranar, har tafinsa ya yi kanta. Da ya yi sauri sai Baffa ya ce, "A hankali, ɗana." Shi kuma ya ce, "To, Baffa."

Darasi: Rabin ilimi da girman kai sun fi jahilci haɗari. In wanda ya daɗe a kan aiki ya ce maka kada ka yi, tsaya ka tambayi dalili kafin ka yi masa dariya. Ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku, musamman waɗanda suka fara riƙe aiki.